Riƙon marayu a Fadan Kagoma: Nauyin da dokar haraji da tsarin tallafi ba su san da shi ba

A ƙarshen kowane wata, da zarar albashi ya faɗa asusu, akwai ma'aikatan tarayya da dama a Abuja waɗanda kuɗinsu ba ya kwana cikakke. Kafin a sallami mai gida ko a cika tukunyar gas, sai an fara tura wani abu ƙauye, zuwa ga yaya ko inna ko gwaggo da ke riƙe da 'ya'yan wani ɗan'uwa da ya riga mu gidan gaskiya. Ga 'yan asalin Kudancin Kaduna da ke zaune a Kubwa da Nyanya da Lugbe, wannan ya zama wani kaso na albashi da ba ya fitowa a takardar biya, amma bai taɓa fashi ba.

Fadan Kagoma, fadar masarautar Gwong da ke Ƙaramar Hukumar Jema'a a kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, gari ne da 'yan Najeriya da yawa suka sani saboda mutum ɗaya. A nan aka haifi Patrick Ibrahim Yakowa a 1948, a nan kuma aka binne shi bayan hatsarin jirgi mai saukar ungulu da ya yi ajalinsa a Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012, yana kan kujerar gwamnan Kaduna. Sai dai garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi suna ɗauke da wani tarihin da ba a cika rubutawa ba. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya girgiza Kafanchan da Zonkwa. Hare-haren 2016 sun afka wa Ninte da Godogodo da Goska, duk a cikin Jema'a. Kowane zagaye ya bar marayu, a gidajen Kirista da na Musulmi, kuma akasarinsu ba gidan marayu aka kai su ba. Dangi ne suka raba su a tsakaninsu bayan zaman makoki. Idan aka haɗa da waɗanda cuta da haɗarin mota da haihuwa suka raba da iyayensu, sai a ga da wuya a sami zuri'ar da ba ta da ɗan riƙo.

Mutanen da ke ɗauke da wannan nauyi yawancinsu masu sana'ar kansu ne: manoman citta da masara, masu tireda, masu ɗinki, matan da ke sayar da hatsi ranar kasuwa. Tambayar da ta dace a yi, yanzu da sabuwar dokar haraji ta fara aiki, ita ce: me irin wannan mutum zai iya nema daga hukuma saboda yaran da yake riƙo?

Yadda wasu ƙasashe suka ɗauki lamarin

Kafin a amsa, yana da amfani a leƙa inda aka mayar da riƙo aiki mai rajista. A Birtaniya, wanda hukuma ta tantance ta ba shi riƙon yaro ana lissafa shi a matsayin mai sana'ar kansa. Yana yin rajista da hukumar haraji ta HMRC, yana cike takardar bayanin kuɗin shigarsa duk shekara, ƙaramar hukuma ko kamfanin da ya ɗauke shi kuma yana biyan sa alawus na kowane mako a kan kowane yaro. Bayan haka doka ta yafe haraji a kan kaso mai tsoka na wannan kuɗi. A shekarar haraji ta 2023 zuwa 2024, an yafe fam 18,140 ga kowane gida, da ƙarin fam 375 a mako ga yaron da bai kai shekara 11 ba, ko fam 450 ga wanda ya kai. Ke nan mai riƙon yaro ɗan shekara 12 tsawon shekara guda zai iya karɓar fam 41,540 ba tare da ya biya ko sisi ba. Ba a lissafa alawus ɗin riƙo a cikin kuɗin shigarsa idan ya nemi tallafin Universal Credit, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin rangwamen haraji da aka rufe a Afrilun 2025, kuma shekarun da ya yi yana riƙo suna iya shiga lissafin fanshonsa na gwamnati.

Ko a can ɗin ma akwai saura. Kaka ko gwaggon da ta ɗauki jikanta ko ɗan ɗan'uwanta da kanta, ba ta hannun hukuma ba, sau da yawa ba ta samun wannan alawus. Wato irin riƙon da muka sani a nan, na jini da zumunci, shi ne aka fi mantawa da shi har a ƙasar da ta fi mu tsari.

Afirka ta Kudu ta fi kusa da halinmu. Tana biyan tallafin ɗan riƙo na sama da rand 1,000 a wata ta hannun hukumar SASSA, amma da sharaɗin sai an kawo umarnin kotu. Da cutar ƙanjamau ta bar ɗimbin marayu a hannun kakanni, sai kotuna da jami'an walwala suka kasa ɗaukar yawan masu nema, takardu suka taru shekara da shekaru. Daga bisani, a Yunin 2022, gwamnati ta buɗe wata ƙofar: ƙari a kan tallafin yara na gama-gari ga dangin da ke riƙe da maraya, ba tare da an je kotu ba.

Abin da dokarmu ta ce

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya nuna yadda mata a lardin Zariya suke karɓar 'ya'yan dangi su raina har su aurar. Al'ummomin Kudancin Kaduna ma haka suka gada. Abin da ya zo daga baya shi ne doka.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ware babi guda a kan riƙo, dabam da babin mayar da yaro ɗan mutum na dindindin. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga Musulmi, domin riƙo ba ya sauya wa yaro nasaba ko sunan uba. Dokar ta ce kotun iyali ce ke ba da umarnin riƙo. Mai nema sai ya cika shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, likita ya shaida lafiyarsa, kuma ba zai riƙe fiye da yara uku ba sai da wani dalili na musamman. Dokar tana aiki kai-tsaye a Babban Birnin Tarayya, jihohi kuwa sai sun yi tasu. Kaduna ta yi tata dokar walwala da kare yara a 2018.

Akwai sharuɗɗa biyu a dokar tarayyar da ke bayyana yadda hukuma ke kallon mariƙi. Na farko, dole ya nuna yana da halin ɗaukar nauyin yaron. Na biyu, laifi ne a karɓi kuɗi ko lada a matsayin abin da zai ja hankalin mutum ya yi riƙo. Manufar ba ta da aibi, domin an yi ta ne a toshe cinikin yara. Amma sakamakonta shi ne, inda Birtaniya ta ɗauki mariƙi a matsayin ma'aikacin da ya cancanci a biya shi, tamu dokar ta ɗauke shi mai taimako da zai ciyar daga aljihunsa. Babin riƙon bai yanka masa alawus na wata ba. Shi ya sa matar da ke riƙe da yara huɗu a Fadan Kagoma ba ta ga dalilin biyan kuɗin mota zuwa kotu a Kafanchan don neman takardar da ba za ta ƙara mata mudun masara ba. Nan gaba za a ga cewa takardar tana da amfani, sai dai ba ta inda ake zato ba.

Sabuwar dokar haraji: babu gurbin yara

A da, dokar harajin kuɗin shiga ta tanadi rangwamen naira 2,500 a kan kowane yaro har yara huɗu, da naira 2,000 a kan ɗan'uwan da ya dogara da mutum har mutum biyu. Kuɗin ya zama abin dariya da tafiyar zamani, amma aƙalla doka ta yarda cewa mai iyali da gwauro ba ɗaya ba ne. Gyaran 2011 ya kawo rangwamen dunƙule na naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga, daga baya aka share tsofaffin ƙananan rangwamen.

Dokar Haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta soke rangwamen dunƙulen shi ma. Yanzu naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, daga nan abin ya riƙa hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Abubuwan da ake cirewa kafin lissafi sun haɗa da gudummawar fansho, ta asusun gidaje na ƙasa, ta inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai, ruwan bashin gina gidan da mutum ke ciki, da kashi 20 na kuɗin haya wanda ba zai wuce naira 500,000 ba. Babu ɗa, babu maraya, babu tsohuwar uwa a jerin.

A ƙaddara ma'aikaci mai naira miliyan 3 a shekara, ana cire masa naira 240,000 ta fansho, yana biyan hayar naira 600,000. Rangwamen hayarsa naira 120,000 ne. Abin da ya rage naira 2,640,000. A cire 800,000 na farko, a ɗauki kashi 15 na sauran, harajinsa ya kama naira 276,000. Wannan adadi ba ya motsi, ko shi kaɗai yake cin albashinsa, ko yana tura naira 40,000 gida duk wata saboda marayun yayansa.

Ita kuwa mariƙiyar da ke ƙauye, lissafinta dabam ne, kuma a nan ne ake iya yin asarar da ba dole ba. Mai sana'ar kansa harajinsa yana zuwa ga jihar da yake zaune, wato hukumar KADIRS ga mazaunin Jema'a, kuma a kan riba ake lissafi, ba a kan ciniki ba. A ƙaddara ta yi cinikin naira miliyan 2.4 a shekara tsakanin citta da tireda, ta kashe naira 1,750,000 a iri da taki da ƙwadago da sarin kaya da kuɗin mota. Ribarta naira 650,000 ce, ba ta kai 800,000 ba, saboda haka babu harajin kuɗin shiga a kanta. To amma ƙanenta na Abuja yana turo naira 480,000 a shekara cikin asusun da take karɓar kuɗin ciniki da shi. Kyauta da taimakon dangi ba kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji ba ne, kuma Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran haraji, ya sha bayyana haka. Sai dai idan aka cakuɗa su da ciniki har aka kasa rarrabewa, wanda ya duba asusun zai ga naira 1,130,000, harajinta kuma naira 49,500. Dokar ta ba da damar a yi wa wanda ba shi da rubutaccen lissafi ƙiyasi, ƙiyasi kuwa ba ya tambayar wane ne ya turo me.

Maganin ba shi da tsada. Asusu biyu, ɗaya na sana'a, ɗaya na yara. Littafin makaranta mai shafi 60 da za a riƙa rubuta abin da aka saya da abin da aka sayar. Mai turowa kuma ya rubuta dalilin kuɗin a gurbin bayani lokacin da yake turawa, maimakon ya bar shi fayau. Abu ɗaya da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye: abincin yara da kuɗin makarantarsu ba sa cikin kuɗin gudanar da sana'a, don haka ba a cire su daga riba. Kuma yafe harajin kuɗin shiga bai hana mai tikitin kasuwa zuwa ba.

Inda kuɗin yake da gaske

Idan aka bar haraji, saura tallafi. Shirin naira 5,000 a wata na zamanin Shugaba Buhari, da na naira 25,000 har wata uku da aka ƙaddamar a Oktoban 2023 don gidaje miliyan 15, duk sun dogara ne da rajistar talakawa da marasa galihu ta ƙasa. Gida ake sakawa a rajistar, bisa talaucinsa, ba don yana riƙe da maraya ba, kuma yanzu sai da lambar NIN da asusun banki ko na waya. Manomin cittar da ya yi rufin kwano a shekarun da citta ke da daraja yana iya zama bai shiga ba, alhali cutar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a daminar 2023 ta mayar da shi baya, ga bakuna sun ƙaru.

A ganina, babban abin da mariƙa ke asara ba tallafin gwamnati ba ne, haƙƙin yaran ne da iyayensu suka bari. Idan mamacin ma'aikaci ne da ke cikin tsarin fansho na karo-karo, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa wanda ya ɗauke shi aiki ya yi masa inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Ga kuma abin da ya tara a asusun fanshonsa. Idan a bakin aiki ya rasu, akwai diyyar da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadar wa iyalansa ta hannun NSITF. Malamin firamare, ɗan sanda, ma'aikaciyar jinya, direban ma'aikata, kowannensu yana iya barin abin da zai kai yaro har jami'a. Amma kamfanin fansho ba ya biya da shaidar baki. Yana neman takardar shaidar mutuwa, da wasiyya ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, da shaidar cewa yaran nasa ne. Sa sunan mutum a matsayin makusanci a fom ɗin ɗaukar aiki bai mayar da shi magaji ba, kuma wannan kuskuren fahimta ya raba zumunci a gidaje da yawa. A nan ne takardar riƙo ko ta kula da yaro daga kotu take aiki: ita ce ke nuna wanda ke da hurumin karɓa a madadin yaron da bai balaga ba, ita ce kuma ke hana wani kawu da bai taɓa sayen sabulu ba ya bayyana ranar rabo.

Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce tushen sauran. Da ita ake yi wa yaro NIN, wadda ake haɗawa da ta uba ko uwa ko mariƙi idan bai kai shekara 16 ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma bashin karatu na NELFUND da aka kafa a 2024 shi ma yana neman ta. Yaron da takardunsa suka ƙone tare da gidan iyayensa a 2016 yana da shekara bakwai ko takwas, yanzu ne yake isowa wannan ƙofa.

Batun lafiya ya fi shafar mai karatu kai-tsaye. Inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ɗan riƙo ba ya cikin huɗun nan, sai dai a yi masa rajista a matsayin ƙari a biya dabam. Ma'aikata da yawa a teburin asibiti suke fara jin wannan, da yaro a kafaɗa. Ga waɗanda ke gida, akwai hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, KADCHMA, wadda ke karɓar masu sana'ar kansu, akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, wanda marasa galihu ke cin moriyarsa a cibiyoyin da aka zaɓa. Ita kanta mariƙiyar, wadda za ta tsufa tana hidimar 'ya'yan wasu, ba wanda ke lissafa mata waɗannan shekaru. Abin da ke gabanta shi ne tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu da PenCom ta ƙaddamar a Maris 2019, idan akwai rarar da za ta zuba.

Wata magana da ba a son ji

Ba duk abin da ake kira riƙo ne riƙo ba. A gidajen ma'aikata da yawa a Abuja akwai yarinya daga Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai da aka kawo da sunan za a sa ta makaranta. Ita ce ta farko a tashi, ita ce ta ƙarshe a kwanciya, makarantar kuma kullum sai zango mai zuwa. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da hukuncin ɗauri. Duk wanda ke neman gwamnati ta ba masu riƙo rangwame ko alawus, dole ya yarda a zo a duba ko yaron yana aji.

Wannan ne ma abin da ke sa gyaran ya yi wuya, kuma hadiman 'yan majalisa da jami'an ma'aikatun kuɗi da na jinƙai da za su rubuta shi gara su san da haka tun farko. Rangwamen haraji a kan ɗan riƙo zai taimaki ma'aikacin da ke biyan naira 276,000, amma ba zai taɓa matar da ribarta ba ta kai 800,000 ba, domin wanda ba ya biyan haraji ba abin da za a rage masa. Ita kuɗi a hannu take bukata, irin wanda Kenya ta fara biyan gidajen da ke riƙe da marayu tun 2004. Idan aka ce sai da umarnin kotu, za a faɗa ramin da Afirka ta Kudu ta faɗa. Idan aka ce ba a bukatar komai, ƙasar da ta sha fama da ma'aikatan bogi za ta wayi gari da marayun bogi. Tsaka-tsakin da ya fi kama hankali shi ne a dogara da takardar mutuwar iyaye da ta haihuwar yaro da shaidar makaranta, a kuma sa dagatai da hakimai da limamai da fastoci su tabbatar, tunda a gari irin Fadan Kagoma ba wanda bai san gidan da aka kai 'ya'yan wane ba.

A halin yanzu dai, wa'adin miƙa bayanin kuɗin shiga na shekara ga ɗaiɗaikun mutane shi ne 31 ga Maris. Ma'aikacin da ke Abuja zai miƙa nasa ga FCT-IRS, yayarsa mai tireda za ta miƙa nata ga KADIRS. Shi zai nemi rangwamen haya da na fansho, ita za ta nuna ciniki da abin da ta kashe, yaran huɗu da suke ciyarwa tare kuwa ba za su sauya ko kwabo a lissafin ɗayansu ba.